Lanƙwasar Zango

Ɗigo na bakwai bai gusa ba tun la'asar ɗin jiya. Samira ta goge gilashin kwamfuta da gefen mayafinta, ta sake dubawa. Sauran motocin kamfanin guda goma suna tafe abinsu a kan taswira, wasu sun nufi kasuwa da riɗi, wasu suna komawa ƙauyuka wayam. Ta bakwai kuwa, motar Baba Maliki, tana tsaye a tsakiyar fili, tafiyar awa biyu gabas da garin Rusairis na ƙasar Sudan, inda babu gari, babu rijiya, babu ko mai shayi.

Kuma ɗigon ba tsaye yake cik ba. Yana ɗan rarrafawa, ya yi nan, ya dawo, ya zaga, kamar wanda ya yar da allura yana nema. Samira ta san haka na'urar bin sawu, mai aiko da saƙo ta tauraron ɗan adam, take yi idan mota ta daɗe a wuri ɗaya. Sanin bai hana tsigar jikinta tashi ba.

Hajj Hashim, mai kamfanin, ya turo ƙofa ya shigo ba tare da ya cire tabarau ba. Mutum ne da in ransa ya ɓaci yakan rage murya, don haka duk ofis ake tsoron raɗarsa.

“Ustaza Samira, tsohon nan naki, Baba Maliki, ya aiko da saƙo,” ya ce a hankali. “Wurin ba shabaka, waya ba ta shiga, sai wani direba ya ba. Wai ba shi ɗaga motar sai wadda ta zana hanya ta zo da ƙafarta.”

“Wace hanya, Hajj?”

“Taki. Ya ce a faɗa miki ana taka mutane.”

Samira ta juyo daga kwamfutar. “Haɗari aka yi?”

“Ban sani ba, kuma ban son in sani. Tun farko na ce miki sawun motocina sirrina ne, kika ce alheri ne, sadaka ce mai gudana. To ga sadakar nan. Hamid yana waje da boksi, a-kori-kurar nan. In taswirarki ta kashe wani, ke da ita.”

Wata takwas ke nan da ta shawo kansa. Akwai wata taswira a intanet wadda ba ta kowa ba ce kuma ta kowa ce, duk wanda ya san wata hanya ko wani gari yana iya sa shi. A kanta, gabashin Rusairis fari ne fat, sai ka ce ba a taɓa haihuwar mutum a can ba. Motocin Hajj Hashim kuwa kullum suna ratsa wannan farin, na'urorinsu suna rubuta duk inda taya ta taka. Samira ta roƙi a ba ta sawun nan ta ɗora, ta bi shi ta zana hanyoyi, ta sa wa ƙauyuka sunayensu. Tana da dalilinta. Tana shekara goma sha uku ciwo ya kama mahaifinta, Abdussalami direba, a garinsu Hillat Jibril. Motar asibiti ta wuni tana bulayi a fili ba ta gane garin ba, ta iso bayan an sallace shi. A shekarar aka kawo Samira birni wurin gwaggonta. Ranar da ta rubuta Hillat Jibril a kan taswirar duniya, sai da ta shiga bayi ta yi kuka.

Hamid matashin direba ne mai son rediyo fiye da son hira. Suka haye kwalta, suka faɗa baƙar ƙasa, wadda da damina take riƙe mota kamar danƙo, da rani kuma ta tsattsage har ƙafar jaki ta shige. Gonakin riɗi sun ƙare, karan dawa ya ƙare, aka bar su da fili da sama. Samira tana riƙe da kwamfutar a cinya, tana bin duk layin da ta taɓa ja a ranta. Ina ta kuskure? Ta ratsa da hanya ta tsakiyar wani ƙauye ne? Ta bi ta filin wasan makaranta? Amma inda mota ta bakwai take babu kowa. Ta duba hoton sama na wurin ya fi sau ashirin, ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai.

Abu ɗaya ta tuna. A daidai nan, sawun motocin kamfanin duka yakan bar miƙaƙƙiyar hanya ya yi wata doguwar lanƙwasa kamar lauje, kusan kilomita biyu, sannan ya dawo. Babu rafi, babu dutse, babu gona. Ta ɗauka na'urorin ne suke ruɗewa a wurin, don sun saba yin haka a wasu wurare. Sai ta ja layinta sak daga wannan baki zuwa wancan, har tana jin daɗin ta rage wa mutane tafiya. Ɗan boko dai in ya ga abu a karkace ba ya tambayar wanda ya karkata shi.

Rana ta take tsaka lokacin da Hamid ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Bai dube ta ba, bai ma dubi rediyon ba. Ya rage gudu, ya murɗa sitiyari hagu, alhali ga sabon sawun manyan tayoyi nan ya miƙe gabansu sak.

“Me ya sa ka kashe?” ta tambaya.

“Na kashe?” Ya dubi hannunsa kamar na wani ne. “Haka ake yi a nan, Ustaza.”

“Saboda me?”

“Wallahi ban taɓa tambaya ba. Wanda ya koya min tuƙi haka yake yi. In an zo nan a yi shiru, a bi hagu.”

Da rediyon ya mutu sai ta ji ƙarar wurin. Iska ce take shiga tsagogin ƙasa tana fita da wani siririn sauti, ba fito ba, ba kuka ba, wani abu tsakaninsu, kuma daga ƙasa yake zuwa. Can nesa ta hango motar Baba Maliki a gicciye, zafin rana ya ɗaga ta sama kaɗan har tayoyinta ba sa taɓa komai. Kusa da ita wani farin abu yana tafiya, ya sunkuya, ya miƙe, ya dawo, ya zaga. Irin tafiyar ɗigon nan ce sak. Samira ta rufe kwamfutar.

Hamid ya tsaya a kan tsohuwar lanƙwasa ya ce daga nan ba zai ƙara ko taku ba. Baba Maliki ya taho wurinsu a hankali. Abokin mahaifinta ne tun suna samari, shi ya nema mata aikin nan. Farar jallabiyarsa ta koma ruwan ƙasa, idanunsa sun yi ja, kuma babu takalmi a ƙafarsa a kan ƙasar da za ta iya gasa ƙwai.

“Kin taho, ɗiyar Abdussalami.”

“Na zo, Baba. Wa aka taka? Suna ina?”

Ya ɗaga hannu ya share filin duka da shi, daga wannan gefe zuwa wancan.

“Ga su nan. Nan ne Zango.”

Ta san sunan. Duk ɗan Hillat Jibril ya san in mutum ya cika Zango ake kai shi. Amma mata ba sa bin gawa. Ranar da aka fita da mahaifinta, tana cikin ɗaki tsakanin gwaggonninta, abin da ta gani na ƙarshe shi ne ƙafafun maza suna wucewa ta ƙarƙashin asabari. Duk shekarun nan a ranta Zango wani wuri ne a bayan gari, mai katanga da ƙofa da itatuwa, irin maƙabartar Rusairis.

“Amma Baba, garin yana can, kilomita bakwai.”

“Garin ne ya tashi ya bi ruwa, su ba su tashi ba,” ya ce. “Kakanninmu da sunka taso daga yamma za su Makka da ƙafa, nan sunka yada zango, ciwo ya faɗa musu. Waɗanda sunka miƙe sun kafa gari. Waɗanda ba su miƙe ba suna nan, kuma tun ran nan kowa namu nan yake zuwa ya same su. Ƙasar ga ba ta riƙe alama. In ka tara tudu damina ta shafe shi, in ka aza dutse tsaga ta haɗiye shi. Itacen da ke akwai masu gawayi sun cinye. Katangar wurin ga guda ce, hannun direba. Kowa ya zo ya kauce, ɗansa ya gani ya kauce.”

Ya goge bakinsa da bayan hannu.

“Sai bana da kaka baƙin motoci sunka fara zuwa ɗaukar riɗi, mutanen nesa, kowa da waya manne gaban gilashi. Na tare ɗaya na ce masa da Larabci ya zol, bawan Allah, ba nan hanya take ba. Ya nuna min wayar, ya ce ga ta nan an zana. Na ce wa ya zana? Ya ce mutanen da sunka sani.”

Samira ta so ƙasar ta tsage da gaske ta shige. Kunya ce ta fara zuwa, tsoron ya biyo baya.

“Shekaranjiya tayar wata lori ta burma,” ya ci gaba. “Sunka tono don su fitar da ita, sunka ga abin da sunka gani. Direban ya bar shebur nan ya gudu. Ni na mayar da ƙasar da hannuna. Ban san ko wane ne ba, amma ba babba ba ne.”

Hamid, daga cikin mota, ya fara karanta wani abu a ƙasa-ƙasa.

“Zan gyara, Baba,” ta ce. “Yau ɗin nan, da na samu shabaka. Zan goge layin, in mayar da lanƙwasar, in rubuta maƙabarta ce. Sai dai waɗanda suka riga suka sauke taswirar a wayoyinsu ba za su ga gyaran nan take ba. Zai iya kai mako, ko fiye.”

“To motar tana nan mako, ko fiye. Hashim ya zo ya ɗauki riɗinsa a ka.” Ya dubi ƙafafunsa. “Amma ba don wannan kaɗai na kira ki ba. Na ɓatar da ubanki, Samira.”

Ba ta gane ba, sai da ya yi bayani. Shi ne ya saka Abdussalami a kabari da hannunsa. Da aka watse, ya kafa guntun ƙarfen sifirin na motar mamacin a wajen kai, ya buga shi ya nutse sosai yadda tsaga ba za ta ci shi ba. A kan lanƙwasar kuma akwai wani kututturen aduwa. Shekara goma sha huɗu, duk ranar da ya biyo hanyar, a gindin kututturen yake tsayawa ya yi wa abokinsa addu'a daga cikin mota. Daga nan in ka fuskanci alƙibla, taku ɗari da arba'in ne zuwa ƙarfen. Yanzu waɗanda motarsu ta burma sun tumɓuke kututturen sun sa a ƙarƙashin taya, ƙarfen kuma motoci sun kwantar da shi. Tun jiya yake zagaye a fili, ko'ina kama da ko'ina.

“Na ce in kira ki in faɗa miki da bakina. Amana ce, ta faɗi a hannuna.”

Tsoho ne da bai taɓa kuka a gabanta ba, yanzu ma bai yi ba, haɓarsa ce kawai take motsi. Samira ta tsaya tana kallon filin. Mahaifinta yana nan cikin wannan shimfiɗar, wataƙila ƙarƙashin sawun da ita ta jawo, kuma babu mai iya nuna mata inda yake. Ta yi taswira don kada a ƙara ɓata hanyar garinsu, ga abin da ta ɓatar.

Sai wani abu ya faɗo mata. Ta buɗe kwamfutar a kan murfin boksi, ta kare gilashin da mayafi saboda rana. Lokacin da take tace sawun motocin, akwai wani tarin ɗigo a kan lanƙwasar da ya dame ta. Mota ta bakwai ce kaɗai take yin sa: ta tsaya minti biyu, ta wuce, kullum a wuri ɗaya. Ta ɗauke shi shara ne, ta cire shi kafin ta ɗora. Amma asalin sawun yana nan cikin kwamfutarta. Ta nemo shi. Tsayuwa ɗari uku da wani abu cikin shekara uku da sa na'urar, sun taru wuri guda kamar tururuwa a kan ƙwayar sukari.

“Baba, ga kututturenka.”

Ya leƙa, bai ga komai ba sai baƙin tabo. “Wannan mi ne?”

“Addu'arka ce. Duk ranar da ka tsaya, na'urar ta rubuta.”

Ya ja da baya kaɗan. “Ashe ana ƙirgawa,” ya ce, kuma ba ta san ko na'urar yake nufi ba.

Ta kwafi lambobin wurin a wayarta, suka bi tsohuwar lanƙwasa da ƙafa, ita a gaba tana kallon waya, shi a baya. Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin wayar ta nuna sun iso. A gefen sawun akwai wani rami da iska ta fara cikewa, da guntayen saiwa a bakinsa. Baba Maliki ya durƙusa ya taɓa saiwar, ya shinshina yatsunsa.

“Aduwa ce.”

Ya miƙe ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga ƙafa, sannan ya waiwayo ya dube ta. Ta san abin da ke ransa.

“Mata ba su shiga,” ya ce. Ya dubi sawun tayoyin da suka keta filin. “Amma lori talatin sun shiga ba da sallama ba. Ba ni ne zan hana ki ba. Tuɓe takalminki.”

Ƙasar ta ƙone mata tafin ƙafa tun takun farko. Ya yi sallama ga mutanen wurin da murya irin ta wanda ya shiga zauren da ya saba shiga, ita ma ta maimaita a bayansa. Yana ƙirgawa a fili, tana sa ƙafarta daidai inda ya ɗauke tasa. Tsagogin suna ko'ina, wasu sun isa hannu ya shiga har gwiwa, kuma ta hana idonta leƙa cikinsu. Sautin nan na iska yana tashi daga dama, ya mutu, ya tashi daga hagu. A taku na casa'in ta lura ba ta jin kukan tsuntsu ko ɗaya, ko ƙuda babu. A na ɗari da ashirin ta ga inda suka dosa. Sabuwar hanyar ce a gabansu, hanyarta, ramuka biyu dogaye da tayoyi suka haƙa, miƙe sak kamar yadda ta ja su.

“Ɗari da talatin da takwas,” in ji Baba Maliki, ya tsallake ramin farko. “Da tara. Arba'in.”

Ya tsaya a tsakiyar hanyar, a kan ɗan tudun da ke tsakanin sawun taya na hagu da na dama. Suka durƙusa su biyu suna share ƙasa da hannu. Yatsun Samira ne suka fara cin karo da shi, ƙarfe mai zafi, a lanƙwashe, kwance da ƙasa, cikin wata mota ya goge masa tsatsa har yana ƙyalli.

Baba Maliki ya auna da idonsa daga ƙarfen zuwa ramin hagu, daga ƙarfen zuwa ramin dama. Kabarin ya kwanta a tsawon hanyar, tayoyin sun bi ta gefensa biyu, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba kowane ɓangare. Babu wadda ta hau shi.

“Abdussalami ke nan,” ya ce, wata irin dariya ta kubce masa wadda ba ta da daɗin ji. “Rabin rayuwarsa kwance ya yi ta ƙarƙashin mota.”

Samira ba ta yi dariya ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasar. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa zuwa kusa da shi haka ba, kuma da ba ta yi ɓarnar nan ba, da har ta mutu ba za ta zo ba. Ta rasa inda za ta ajiye wannan tunanin. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, sai ta ji ƙasar tana rawa a ƙarƙashin hannunta, kaɗan-kaɗan, kamar wani yana juyi a cikin barci. Ta janye hannun.

“Mota ce,” in ji Baba Maliki, yana kallon yamma.

Can ƙarshen fili wani baƙin abu ya ɓullo yana iyo a kan zafin rana, yana girma. Babbar lori ce, kuma ba ta rage gudu a inda ake ragewa ba.

“In sun ga tawa a gicciye sai su kewaye ta, su hau wasu,” ya ce, ya fara ƙoƙarin miƙewa, gwiwarsa ta ƙi. “Sai an tare su tun daga baki an nuna musu hagu.”

“Zauna wurinsa, Baba.”

Daga nesa Hamid yana ɗaga mata hannu, yana nuna agogo, yana nuna hanyar Rusairis. Ta girgiza masa kai. Ta miƙe, ta warware gefen mayafinta ta riƙe shi sama yadda za a hango, ta bi tsakiyar layin da ta ja, ba takalmi, ta nufi lorin. Tana tafe tana duba inda take sa ƙafa.